An Kashe Makunni, Amma Wuta Na Nan a Cikin Fanel

Babu abin da ke jefa mai gyaran wuta cikin haɗari a masana'anta kamar ɗaukar cewa da zarar an juya babban makunnin fanel, wato akwatin wutar injin, komai ya mutu a ciki. Akwai wuraren da wuta ke maƙalewa, kuma ƙa'idar IEC 60204-1 ta wayoyin injunan masana'antu ta yi tanadi a kansu.

Ka fara da bakin makunnin kansa. Wayoyi ukun da ke shigowa ta samansa suna nan da volt 400 ko an kashe shi, sai an yanke daga inda layin ya taso. Shi ya sa ake son marfin da yatsa ba zai shiga ba, matakin IP2X. Sau da yawa akan cire marfin lokacin gyara, a ajiye shi a ƙasan fanel, a manta.

Wanda ya fi yaudara shi ne VFD, na'urar da ke sarrafa gudun motar lantarkin da ke juya inji. A layin volt 400, kafasitocin cikinta, wato sassan da ke ajiye caji, na riƙe kusan volt 560 na DC (wuta irin ta batir), kuma fitilun fuskarta kan mutu tun cajin bai sauka ba. Ƙa'ida ta ce ragowar caji ya sauka zuwa volt 60 cikin daƙiƙa 5, in ba zai yiwu ba a manna gargaɗin tsawon lokacin jira. Masu ƙera VFD kan rubuta minti 5 zuwa 15, gwargwadon girma. Ka jira, sannan ka auna da mita tsakanin mahaɗan VFD ɗin masu alamar DC+ da DC-. Testa mai ƙwan fitila ba abin dogaro ba ce a nan, don Allah a daina jingina rai da ita.

Sai waya mai launin ruwan goro. Ita ce alamar layin da ke ɗauke da wuta ko an kashe makunni, kamar wanda ya zo daga wani fanel. A masana'antun Kano irin na Sharaɗa da Bompai, inda janareta ke aiki kafaɗa da kafaɗa da wutar gari, wannan launi na da muhimmanci ƙwarai. Mai haɗa fanel da ya sa baƙar waya a wurin don ita ce a hannunsa ya ɗana wa na bayansa tarko.

Ga yadda ake yi: kashe makunni, sa masa kwaɗonka, makulli a aljihunka. Gwada mitarka a inda ka san akwai wuta, auna tsakanin layuka ukun, kowanne da nutural, kowanne da atin (wayar da ke kai wuta ƙasa), sannan ka sake gwada mitar don tabbatar ba ta lalace ba a tsakani.

Kafin ka rufe, duba ƙofar. In akwai maɓallai ko fitilun volt 230 a jikinta, tana bukatar wayar atin mai kore da rawaya zuwa jikin fanel, domin fenti da tsatsa kan hana hinji wuce da wuta.