Da ƙwaronsa ake sayo wake

Da zarar zafin bazara ya shigo, ƙorafin mata iri ɗaya ne: "Wallahi a bokiti mai murfi na zuba shi, ban taɓa barinsa a buɗe ba, amma ga shi ya yi ƙwari." Sai a ɗora wa sito laifi, ko a ce yara ne suka bar murfin a karkace. Ni sana'ata ƙosai da alale, da buhu nake sayen wake tun kaka a Dawanau in ajiye har damina, saboda haka maganar ƙwarin wake maganar jarina ce. Abin da nake faɗa wa duk wadda ta kawo mini wannan kuka shi ne, 'yar uwa, ƙwaron nan ba shigowa ya yi ba. Da shi kika sayo waken.

Tun wake yana gona, kwanso ya fara bushewa, macen ƙwaron take bi tana saka ƙwai. Ana sussuka a zuba a buhu, 'yan kaɗan ɗin da suka biyo sai su ci gaba da aiki a kan ƙwayar kanta. Ki ɗebo wake a tafin hannunki ki fita haske ki duba da kyau. In kin ga ɗan ɗigo fari manne a jikin ƙwaya, wanda hurawa ba ta ɗauke shi, ƙwai ne. Sabon ƙwai ma kusan ba ya ganuwa, ruwa-ruwa yake. Sai ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda ta ƙasa ta shige cikin waken, ta cika ɓawon ƙwan da garin da ta tono, sannan yake komawa fari fat. Wato in kin ga farin, ta riga ta shiga.

A ciki take zama tana ci, ba a ganinta, waken kuma fes a ido. In ta kusa girma sai ta cinye har kusa da fata, ta bar wata 'yar da'ira mai duhu-duhu a jikin ƙwayar. Ta nan ƙwaron zai ɓalle ya fito, ya bar hujin nan zagayayye da kowa ya sani. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙwaro mako 3 zuwa 4 ne kawai, kuma mace ɗaya tana iya saka ƙwai kusan 100. Shi ya sa wake yake lafiya ƙalau a hunturu, sanyi ya rage musu sauri, sai a shiga Maris da Afrilu ki ga kamar a dare ɗaya aka yi miki ɓarna.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: ƙwaron da kike gani yana yawo a saman wake ba ya ma cin waken. Mako ɗaya ko biyu yake yi a duniya, aikinsa barbara da saka ƙwai. Mai ɓarnar tana ciki. Saboda haka in kin sheƙe wake, ƙwarin suka tashi, kika mayar bokiti, kin kori iyaye ne kin ajiye 'ya'ya.

Ni in zan sayi buhu, ban da duba ƙwai da huji, hannu nake turawa can ciki. Waken da ƙwari suka yi yawa a cikinsa ɗumi yake yi, ɗumin da ba na rana ba. Ina kuma duba gindin buhun ko akwai gari yana zuba.

Ba wake kaɗai ke da nasa ba, kuma yana da kyau ki san wanda kike faɗa da shi. Na wake gajere ne mai kauri, ja-ja da ɗigon baƙi a fiffike, fiffiken bai rufe ƙarshen jikinsa ba, kuma ba shi da dogon baki. Na masara da dawa da shinkafa baƙi-baƙi ne, siriri, da dogon baki a gaba. Shi hudawa yake yi ya saka ƙwan a cikin ƙwayar ya liƙe, saboda haka ƙwansa ba ya ganuwa sam. Na gari, wanda ake samu a fulawa da garin tuwo da garin alkama, ja ne mai faɗin baya, da sauri, kuma shi ne yake sa gari wani wari mai hawa kai, tuwon ya fito da ɗanɗanon da ba ki gane ba. Tsamiya da gyaɗa ƙwaro ɗaya ke damunsu, ɗan babba mai kaurin cinyar baya, don haka ba na ajiye su kusa da juna. Bandar kifi kuma tata tsutsar mai gashi ce, tana cinye tsoka ta bar ƙaya da fata. In kuwa kika ga saƙa kamar ta gizo-gizo ta dunƙule ƙwayoyin gero ko gyaɗa, wannan ba ƙwaro mai taurin baya ba ne, tsutsar ɗan malam-buɗe-littafin nan ne da ke shawagi a sito da yamma.

To me za a yi? Tunda abin yana ciki, hanya biyu ce: ko ki kashe shi tun kafin ki ajiye, ko ki hana shi iska.

Ta farko rana ce, amma ba shanyar da muka saba ba. Shanya a tabarma tana korar manyan ƙwari, ba lallai ta kashe tsutsar ciki ba. Sai an tara zafin. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kwali a ƙasa don kada ƙasa ta shanye zafin, ki ɗora baƙar leda mai faɗi, ki baza waken siriri, ki rufe da farar leda wadda ake ganin ciki, ki naɗe gefunan biyun tare ki danne da duwatsu. Ki bar shi awa 2 a tsakiyar rana. Masu bincike sun nuna zafin da ya kai digiri 57 na tsawon awa ɗaya yana kashe ƙwai da tsutsa da ƙwaro gaba ɗaya, kuma ranar bazararmu tana wuce haka a ƙarƙashin leda. Sai ki bari ya huce, ki zuba a abin da ke rufuwa nan take, domin rana ba ta hana wani sabo ya hau.

Ta biyu ita ce wadda na dogara da ita, kuma a kanta zan daɗe. Ƙwaro numfashi yake yi kamar kowa. In aka cika mazubi da wake aka toshe shi ruf, su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage. Daga nan su daina ci, su daina girma, su bushe su mutu. Bokiti mai murfi ba ya yin wannan aiki, iska tana shiga ta gefen murfin, kuma kullum ana buɗewa ana ɗiba. Jarkar man girki ta lita 25 kuwa tana yi. A wanke ta tas, ta bushe ƙayau, a ɗura wake ana girgizawa har ya kai wuya, a sa 'yar leda a baki a murɗa murfin da ƙarfi. Rabin jarka ba ajiya ba ce, iskar da ke sama ta ishe su su hayayyafa. Kada kuma a riƙa leƙawa. Ni na watan da ake ciki nake warewa daban, sauran jarkokin ba mai taɓa su sai ranarsu ta zo.

Mai buhu kuma ga buhun PICS, wanda ake cewa mai hawa uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Asalinsa aikin Jami'ar Purdue ta Amurka ne, wani masanin ƙwari mai suna Larry Murdock da abokan aikinsa na Kamaru suka fara gwada shi a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, saboda waken manoma irin namu. A 2007 aka fara yaɗa shi gadan-gadan a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, da Najeriya da Nijar a ciki, su biyun da suka fi kowa noman wake a duniya. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi sun yi aiki sosai a kansa, kuma a Kano ma ana yin buhun. Daga baya aka ga yana yi wa masara da dawa da gujiya.

Amma buhun yana da sharaɗi, kuma yawancin masu cewa "na gwada bai yi ba" a nan suke faɗuwa. Kafin ki zuba komai, ki cika kowace leda da iska ki riƙe bakin ki matsa, in tana sacewa to akwai huji, ki canja ta. A tsince kara da tsakuwa daga waken don kada su huda ta. Kowace leda daban ake ɗaure ta: a matse iskar, a murɗe bakin, a lanƙwasa, a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera. Sannan wake ya bushe sosai, domin mai danshi in aka toshe shi fumfuna zai yi. Gwaji mai sauƙi shi ne ki zuba ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ki girgiza, ki ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya. Akwai kuma na jabu a kasuwa masu siririyar leda, ki taɓa ki ji kaurin kafin ki biya.

Gwaggona har yanzu da toka take ajiye waken iri a tulu, kuma ba na yi mata musu, domin yana yi. Sai dai ba barbaɗawa ake yi ba. Kwano ɗaya na wake, kwano ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka, a cakuɗa, a ƙara toka a sama ta rufe. Tokar tana cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya rasa hanyar motsi. Ga waken iri kwano 2 ko 3 babu laifi, amma wa zai tara tokar buhu mai kwano 40? Man gyaɗa ma yana kashe ƙwai, kamar ƙaramin cokali ɗaya ga kilo ɗaya, a murza ya game ko'ina, amma na 'yan watanni ne. Barkono da ganyen darbejiya kuwa, a ganina suna rage abin ne kawai. Ba zan jingina jarina a kansu ba. Mai firiza da tsayayyar wuta tana iya ƙulle wake ko fulawa a leda ta saka mako guda, komai zai mutu. Mu da wuta ke zuwar mana ziyara, wannan ba tamu ba ce.

Wani ya taɓa ce mini ai yanzu an fito da waken da ƙwari ba sa ci. Yana nufin irin wake SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019. Shi wannan irin, tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake jure wa. In ya shiga buhu, ƙwarin ajiya za su ci shi kamar kowane wake.

Sai maganar da ke ci mini rai, wato guba. Fiya-fiya da Sniper sinadari ɗaya ne a cikinsu, dichlorvos, kuma ba a yi su don a zuba a abinci ba. Duk da haka akwai masu yayyafa wa wake su cakuɗa da shebur. Saboda yawan wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, ta kuma ƙara wa'adin da shekara 3 a 2016. Su sun ce ba sa so, mu kuma muka ci gaba da dafa wa yaranmu. A ƙarshen 2018 har hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta fitar da gargaɗi bayan an ga bidiyon 'yan kasuwa suna yin haka.

Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhu ita kuma wata aba ce daban. Tana haɗuwa da danshin iska ta saki gas mai suna fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. Gas ɗin yana kashe ƙwari har na cikin ƙwaya, shi ya sa manyan rumbuna ke amfani da ita, amma a hannun waɗanda aka koya wa, a wurin da aka toshe, nesa da mutane. Yana ratsa buhu, yana bi ta ƙofa da tsagar bango, kuma babu maganin da ke karya shi in ya shiga jiki. A gidan da buhun hatsi yake ƙarƙashin gado ko a ɗakin da ke manne da na yara, wannan ƙwaya ba ta da wurin zama. In kin sayi wake kika ji warin magani, ko kika ga wani gari mai launin toka a ciki, ki mayar wa mai shi. Ni in na ga tsohon wake a tsakiyar damina, a buɗaɗɗen buhu, ba ƙwaro ko ɗaya da ke kusantarsa, sai na tambaya: "Malam, a me aka ajiye shi?" Yadda zai amsa ma ya isa ya gaya mini wani abu.

Waken da ya riga ya fara huji ba zubarwa ake yi ba. A sheƙe, a sa a rana ƙarƙashin leda, a fara cinye shi. In an jiƙa, waɗanda aka cinye cikinsu za su taso saman ruwa a kwashe. Ƙosansa ba ya tashi kamar na lafiyayye, wannan kam na sani, amma wake da shinkafa zai yi. Gari kuma a tankaɗe da rariya mai laushi, in wari ya kama shi a ba kaji. Dabarar gari ita ce a riƙa niƙa na mako biyu, domin ƙwaron gari ya fi samun yadda yake so a niƙaƙƙe da fasasshen hatsi. Bandar kifi a mayar da ita kan wuta ta sake shan hayaƙi, a kakkaɓe.

Kafin sabon amfani ya shigo, sito yana buƙatar a fitar da komai a share shi har lungu, a ƙone sharar, a liƙe tsagar bango da ta ƙasa. Akwai wani ƙaramin ƙwaro mai son gyaɗa da hatsi a wurare masu zafi da bushewa irin namu, wanda tsutsarsa mai gashi take iya laɓewa a tsaga ta yi watanni da yawa ba ci, tana jiran a kawo sabo. Tsofaffin buhuna a juya cikinsu waje, a kakkaɓe, a zuba musu tafasasshen ruwa ko su wuni a rana. Ragowar waken bara kuma, ko kwano ɗaya ne, kada a juye shi a kan na bana. A dafa shi a cinye kafin a shigo da sabon buhu.