Kocin yarona ya ajiye aiki

Wallahi tun jiya raina a dagule yake. Kocin kokawa na sakandaren da yarona yake a nan jihar Iowa ta Amurka ya ce ya gaji, ba zai dawo ba, matashi ne fa ko talatin bai kai ba. Ni dai ban ga laifinsa ba, mutum ya wuni yana koyarwa a aji, da yamma tirenin, ga sa ido kan nauyin kowane yaro tun daga mai fam 106 har mai 285, Asabar kuma gasa tun asuba har dare, haka daga Nuwamba har Fabrairu, alawus ɗin kuwa bai taka kara ya karya ba. Ga iyaye da ƙorafi a waya kullum.

Yarona ko abinci bai iya ci ba daren jiya.