Da hannuna na nemi aikin gadi

Shekara shida ke nan ina harkar fim a Legas, kuma duk ɗan Arewan da ya taɓa bin layin tantance 'yan wasa a Surulere ya san abin da ke jiransa. Da ka buɗe baki aka ji harshenka, sai a miƙo maka sandar maigadi. In ranar ta yi kyau ka samu mai shayi ko ɗan canji. Na yi su duka, ba na jin kunya, da su nake biyan kuɗin ɗaki a Agege. Amma dalilin da ya sa na tashi haɗa shoril, wato gajeren bidiyon da ɗan wasa ke tallata kansa da shi, shi ne in bar bakin get.

Karɓo fitowata daga hannun furodusoshi ya ci mini wata biyu, wannan labarin wata rana ne. Na kai wa wani edita a Ikeja, muka shirya a kan naira 60,000. Ya ce yaya za a jera su? Na ce a bi shekaru, daga na farko har na ƙarshe, don a ga yadda na girma a sana'ar. Wannan maganar ce ta cinye ni. Na kuma sa ya buɗe da hotunana da kiɗa na daƙiƙa 25, ni da babbar riga, ni da kwat. Ya fito minti 5 da daƙiƙa 40, ina ta murna.

To fitowa uku na farko duk maigadi ne. Wadda nake taƙama da ita kuwa, daga wani gajeren fim na ɗalibai, tana can minti na huɗu. A cikinta ina tsugune a barandar asibiti, silifas ɗin ɗana a hannu, ina waya da uwarsa da Hausa, na kasa faɗa mata. Ranar da aka ɗauke ta har mai riƙe da makirfo sai da ya share ido.

Wuri 14 na tura. Kira ɗaya ya zo, daga Lekki. Na yi sammako, motar danfo zuwa Oshodi, cunkoso a gadar Third Mainland, awa uku cif. Aka miƙo mini takarda: maigadi, layi biyu. Na daure na ce wa matar da ke tantance 'yan wasan, “Madam, kin ga fitowar asibitin nan?” Ta ce wane asibiti? Ta juyo mini kwamfutarta, saƙonni jere ba iyaka. Ta ce kowa rabin minti take ba shi. Ta ga hotuna, ta ga ina buɗe get, ta rufe.

Da yamma na biya Idi-Araba wurin wani dattijo mai ɗaukar hoto da ya daɗe a harkar. Ya kalla shiru har ƙarshe, ya ajiye wayar. “Ɗana, ai takardar neman aikin gadi ka rubuta musu. Wa ya ce maka ana ajiye nama a ƙasan tuwo in baƙon na sauri?” Na ce, “Baba, to tarihina fa?” Ya ce ba mai sayen tarihi.

A wayata na sake yanka bidiyon da manhajar CapCut, kyauta. Asibiti a farko, da fassarar Turanci a ƙasa, tunda mai kallon ba lallai ta ji Hausa ba. Hotuna da kiɗa duk waje. Fitowar da nake kusa da wani babban jarumi ma na cire, da ciwon rai, don kyamara shi take kallo, ni ƙeyata kawai ake gani. Wata kuma ƙarar janareta ta cinye muryata. Maigadi ɗaya na bari, wanda ya fi ban dariya. Suna da lamba a ƙarshe. Minti ɗaya da rabi. Na ɗora a YouTube yadda sai mai adireshin zai gani, don WhatsApp kan matse bidiyo har fuska ta dushe.

Na tura wa madam ɗin sabon, ta sake kira bayan sati uku, matsayin uban amarya, fitowa biyar. Sauran 13 ɗin kuwa tsohon ne a hannunsu, na tura musu sabon ba wanda ya ko amsa. Jiya ma na ci karo da tsohon a waya, ga ni nan da kwat ina murmushi, naira 60,000.