Abin da Edinbara ta koya mini game da Adam Smith

A watannin farko na karatun digirina na biyu a fannin tattalin arziki a birnin Edinbara na Sikotland, na miƙa wa malamin da ke duba kundina babi na farko, ina ganin ba za a sami abin gyara a cikinsa ba. A cikin shafuka 12 na ambaci Adam Smith, masanin tattalin arziki ɗan Sikotland na ƙarni na 18, da maganarsa ta “hannun da ba a gani”, wato cewa mai neman amfanin kansa yakan amfani jama'a ba da niyya ba, har sau biyar, kamar yadda muka saba tun muna ajin farko a jami'a a gida, inda ake ba mu taƙaitaccen rubutu mu haddace, mu juye shi ranar jarrabawa. Malamin ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni a wane babi na littafin Smith wannan magana take, kuma a kan me yake bayani lokacin da ya yi ta. Na yi tsuru-tsuru, domin maganar gaskiya ban taɓa buɗe littafin ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce mutumin ya yi shekara 12 na ƙarshen rayuwarsa a wannan gari, gidansa da kabarinsa da littattafansa duk suna inda ƙafa za ta kai ni, saboda haka in je in san shi tukuna kafin in ci gaba da jingina masa magana.

Na fara da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke kan titin George IV Bridge, wanda aka kafa a 1925 daga tsohon ɗakin karatun lauyoyi, inda David Hume, aminin Smith, ya taɓa zama mai kula da littattafai daga 1752. Ba a shiga ɗakin tsofaffin littattafai da jaka ko biro. Fensir kaɗai ake yarda da shi. Da aka kawo mini The Wealth of Nations, wato littafinsa kan arzikin al'ummai, bugun farko na 1776 mai manyan juzu'i biyu, sai ma'aikaciyar ta ɗora shi a kan matashin soso don kada bayansa ya karye, ta ba ni wata igiya mai nauyi da ake danne shafi da ita. Na yi kwanaki ina bin sa, daga baya na koma bugun zamani don sauri, sai na tarar cewa maganar da na gina babi guda a kanta sau ɗaya tak ta zo a littafin baki ɗaya, a kashi na huɗu, babi na biyu. A wurin kuma Smith yana magana ne a kan hana shigo da kayan waje, yana cewa ɗan kasuwa, don tsoron asarar jarinsa, yakan fi son zuba kuɗi a gida maimakon ƙetare, ta haka sai ya amfani ƙasarsa ba tare da ya yi niyya ba. Magana ce mai iyaka da mahalli, amma ni na ɗauke ta tamkar ita ce ginshiƙin littafin.

Darasin da ya fi shiga jikina ya fito ne daga labarin masana'antar fil, wanda kowane ɗalibin tattalin arziki ya sani. A babin farko Smith ya nuna yadda mutum 10, idan suka raba aikin ƙera fil a tsakaninsu, wannan ya miƙe waya, wancan ya yanke, wani ya fiƙe baki, za su iya fitar da fil sama da 48,000 a rana, alhali kuwa mutum ɗaya shi kaɗai ko 20 ba zai iya yi ba. Nan malamanmu suke tsayawa. Amma can a kashi na biyar, ɗaruruwan shafuka a gaba, shi wannan marubucin ya dawo ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa yana maimaita ɗan ƙaramin aiki guda, basirarsa za ta dushe har ya kasa yin hukunci a kan al'amuran rayuwa, don haka wajibi ne hukuma ta tsaya a kan ilimin 'ya'yan talakawa, ta kafa ƙananan makarantu a kowace gunduma. A wani wurin kuma ya yi gargaɗin cewa masu sana'a ɗaya ba kasafai suke haɗuwa ba, ko da don nishaɗi ne, face hirar ta ƙare da ƙulla yadda za a tsauwala wa jama'a farashi. Wanda ya karanta babin farko kaɗai ya rufe littafi, ya ɗauki rabin magana ne ya tafi da ita, kuma haka na yi shekaru ina yi.

Daga ɗakin karatun zuwa mutum-mutuminsa tafiyar minti biyar ce. An kafa shi a 2008 a kan titin Royal Mile, kusa da majami'ar St Giles, da garma da amya a tare da shi, alamar noma da ƙwazon aiki. Masu yawon buɗe ido sun fi tsayawa wajen na Hume da ke can sama kaɗan, suna shafa babban yatsan ƙafarsa har ya yi ƙyalli. Abin da ya ja hankalina shi ne ginin da ke tsallaken titi, wanda yanzu majalisar birni ke ciki. A nan ofishin kwastan yake a zamanin Smith, kuma a nan ya yi aiki daga 1778, lokacin da aka naɗa shi kwamishinan kwastan na Sikotland, har zuwa rasuwarsa. Wato mutumin da duniya ta sani da kiran a saki kasuwanci ya yi numfashi, shi ne ya shafe shekara 12 yana zama a kan batun kuɗin fito da kamun 'yan fasa-ƙwauri. Mahaifinsa ma, wanda ya rasu kafin a haife shi a 1723, jami'in kwastan ne a Kirkcaldy, garin da aka haifi Smith.

Da farko na ɗauki wannan a matsayin tufka da warwara, har na rubuta haka a littafin ajiyar bayanaina. Da na ƙara bincike sai na janye. Smith bai taɓa cewa hukuma ta zauna babu kuɗin shiga ba; abin da ya soka shi ne harajin da ake ɗagawa don a kare wasu 'yan tsirarun attajirai, da haramcin da ke mayar da mutumin kirki mai laifi. Ya rubuta cewa ɗan fasa-ƙwauri sau da yawa da ya zama ɗan ƙasa nagari, ba don doka ta mayar da abin da asalinsa ba laifi ba ne ya zama laifi ba. Akwai wata wasiƙa da ya aika wa ɗan siyasar Birtaniya William Eden a 1780, inda ya ce da ya kama aiki ya duba jerin kayan da aka haramta, sai ya ga kusan duk ƙyallayen wuyansa da hankicinsa suna ciki, don haka ya ƙone su domin ya zama abin koyi. Duk wanda ya ga yadda shinkafar waje ta ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya bayan an rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a 2019 zai gane cewa mai wannan wasiƙa ya san abin da yake faɗa, kuma ya san shi ne daga teburin aiki.

Idan aka gangara titin zuwa unguwar Canongate, ta wani ɗan lungu ake shiga gidan Panmure, inda ya zauna da mahaifiyarsa Margaret Douglas da 'yar uwarsa Janet Douglas, domin bai taɓa aure ba. A nan yakan tara abokai cin abincin daren Lahadi, cikinsu har da Joseph Black masanin sinadarai da James Hutton masanin duwatsu. An gyara gidan an sake buɗe shi a 2018. Littattafansa, kimanin 3,000, sun watsu ta hanyar gado: wani babban kaso yana ɗakin karatun Jami'ar Edinbara, wani yana Belfast, wani kuma ya kai har Jami'ar Tokiyo. Da na duba jerin sunayensu na ga waƙoƙi da tarihi da labaran matafiya da falsafa, da Latin da Girkanci da Faransanci da Italiyanci, waɗanda suka shafi kasuwanci kuwa ba su ne masu rinjaye ba. Ni da nake ganin karanta tarihi ɓata lokaci ne ga mai nazarin alƙaluma, sai jikina ya yi sanyi.

Kabarinsa yana maƙabartar majami'ar Canongate, taku kaɗan daga gidan, a jikin bango, an kewaye shi da ƙarfe. Rubutun da ke kai ya ambaci littattafansa biyu, kuma wanda aka fara ambata shi ne The Theory of Moral Sentiments na 1759, littafin da ya rubuta yana farfesan falsafar ɗabi'a a Gilasgo, kan yadda mutum ke sa kansa a matsayin ɗan'uwansa kafin ya auna kyau ko munin aiki. Wannan littafin ne ya duƙufa yana gyarawa a ƙarshen rayuwarsa, kuma a bugu na shida da ya fito a 1790 ya ƙara babi guda a kan yadda girmama masu kuɗi da raina matalauta ke gurɓata ɗabi'ar jama'a. A duk shekarun karatuna na farko ba wanda ya taɓa ambata mana sunansa.

Kwanaki kaɗan kafin ya rasu a ranar 17 ga Yuli, 1790, Smith ya matsa wa Black da Hutton lamba suka ƙone kundaye 16 na rubuce-rubucensa da bai kammala ba, saboda ba ya son a buga abin da bai gamsu da shi ba. Da haka laccocinsa suka tafi, sai dai abin da ɗalibansa na Gilasgo suka rubuta da hannunsu suna sauraronsa. An gano wani kundin irin wannan aka buga shi a 1896, wasu kuma wani malami mai suna John Lothian ya tsince su a wajen gwanjon littattafai a Aberdeen a 1958. Da ƙwazon waɗannan samari, waɗanda ba su san rubutunsu zai kai shekara 200 ba, ake sanin yau abin da Smith ya koyar kan shari'a da balaga.

Tun daga lokacin na canza yadda nake ajiye bayani: kowace magana da na ɗauko sai na rubuta bugu da babi da shafi, da abin da marubucin yake tattaunawa kafin ya kai gare ta, in kuma ban ga asalin da idona ba, sai in sa alamar cewa ji na yi. Bayan wata biyu na mayar wa malamin babin. “Hannun da ba a gani” ya rage sau ɗaya, a shafi na tara, tare da bayanin ɗan kasuwar da ke tsoron kai jarinsa ƙetare. Ya karanta har ƙarshe, ya ja layi ƙarƙashin sakin layin da na yi a kan ofishin kwastan, ya ce daga nan babi na biyu zai fara.