Gibson na 1968 ko Pedro na 2000?

Daren jiya har ƙarfe ɗaya ina fama da gurbi guda a ƙungiyar da nake haɗawa a wasan besbol ɗin da nake yi a kwamfuta. A tsarin wasan, shekara guda ta ɗan wasa kake ɗauka da alƙalumanta, ba rayuwarsa duka ba.

Masu bugu ba su wahalar da ni ba. Babe Ruth na 1927, da ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 60, sai Ted Williams na 1941 da .406 ɗinsa, wato bugu mai nasara kusan huɗu a cikin kowane goma. Na ƙara Rickey Henderson na 1982 saboda satar zango 130, wato sheƙawa zuwa zango na gaba ba tare da jiran bugu ba, don ina son mai ƙafa.

Mai jifa ne ya hana ni barci. Bob Gibson na 1968 yana da 1.12, wato matsakaicin makin da aka ci shi a zagaye tara. Abin tsoro! Amma a shekarar masu jifa suka yi sarauta, har aka rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a 1969. Shi kuwa Pedro Martínez ya yi 1.74 a 2000, lokacin da matsakaicin rukuninsu ya doshi 5. Mai bi masa, Roger Clemens, yana can 3.70. Wannan tazarar ce ta saye ni.

Sai dai Gibson ya kammala wasa 28 shi kaɗai, Pedro 7 kacal. Kwamfutar tana lissafin gajiya, kuma 'yan canjina, gaskiya, sai a hankali.

Pedro na ɗauka. Da safe kuma na sake buɗewa, na daɗe ina kallon sunan Gibson.