Wayar fanka da ƙwaƙwalwa

Jiya da zafin nan na Sakkwato fankar ɗakinmu ta tsaya cak, na kwance ta sai na ga robar da ta rufe waya ta narke, tagulla a fili. Ƙanwata da ke karatun likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana gefe tana fifita da littafi, ta ce Yaya ai haka ƙwaƙwalwa take. Na ce ke mi ya haɗa fanka da kai?

Wai jijiyoyin saƙo na cikin kai suna da riga ta kitse mai suna mayelin, ita ke sa wani sashen ƙwaƙwalwa ya yi fari, kuma da ita saƙo na iya gudun mita 100 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, babu ita sai rarrafe. Abin da ya ɗaure min kai shi ne sojojin garkuwar jiki. A wata cuta ta jijiyoyi, emes (MS), wadda wani likita mai suna Charcot ya bayyana a Faransa a 1868, su da kansu ke afka ma rigar, mutum ya fara jin ƙafa ta mutu ko gani ya dushe. Amma kuma wasu ƴan ƙananan sojoji, maikurogiliya, su ke share tarkacen da ya zube, in ba su share ba sabbin ƙwayoyin da ke ɗinka riga ba za su iya aiki ba, kuma da tsufa sharar tana yin nawa.

Ni dai selotef na naɗa, fanka ta tashi, ƙanwata ta ce ina ma da kai haka yake da sauƙi.