Gungun kakata da sauran waɗanda nake zanawa

Duk baƙon da ya shigo shagona a Yelwan Yauri sai ya tambaye ni me ya sa zanena daga ruwa sai gungu, wato tsibiri. To, ta wajen uwa ni jinin Gungawa ne. Kakata har ta koma ga Allah tana ba ni labarin gungun da aka haife ta, da kuyoyin albasarsu, wanda ruwa ya haɗiye bayan an gama madatsar Kainji a 1968, kamar yadda ya ci tsohuwar Bussa. Idona bai taɓa ganin wurin ba. Da bakinta na zana shi, kuma ko nawa aka taya ba na sayarwa.

Sassaƙa a hannun kawuna na koya, masassaƙin jiragen ruwa ne. Wata shida ina wasa masa gizago kafin ya bar ni na sari itace, ranar kuwa na ɓata masa katako na sha ranƙwashi. Fenti kuma wajen wani dattijo mai rubutu a jikin manyan motoci, wanda ya hana ni taɓa baƙin fenti. Cewa yake, "Yaro, inuwa ba baƙa ba ce, buɗe idonka."

Wahalar aikin nan tana ga ruwan. Kwara, wato kogin Neja, sau biyu take kawo mana ruwa a shekara. Na damina yakan zo da laka, fari-fari kamar kunun da aka surka. Na biyu tun daga ƙasar Gini yake tasowa, sai cikin hunturu yake isowa, ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, ya zo garau da duhu-duhu. Gungu ɗaya ne, amma inuwar giginya a kan wannan ba irin ta wancan ba ce. Nakan bi Sarkawa da asuba in zauna a gindin jirgi, su suna jan taru, ni ina gwada kala a kan guntun kwali. Sai na shimfiɗa fenti hawa biyar, kowanne ya bushe, kafin in yarda ruwan ya yi zurfi. Wani masunci ya taɓa duban wani zanena ya ce nan akwai giwan ruwa. Ban taɓa samun yabo irin wannan ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu ɗaukar hoton aikina da waya, su buga a leda irin ta fostar siyasa, su kai kasuwa. Rana biyu ta dake ta, shuɗin ya koɗe. Sannan mai saye ya zo mini yana cewa, "Malam, ai na ga irinsa da araha." Irinsa?

A sassaƙa ƙirya nake so, duk da tana cin bakin gizago. Ba na sassaƙa abu mai rai. Siffar gungun nake fitarwa, da gaɓar da ruwa ya zaizaye, da jirgi a ɗaure. In ana son dorina, sai in yi zoben ruwan da take bari in ta nutse, mai ido ya gane.

Yanzu haka ina kan wani babba na jiragen Rigata, bikin wasan jiragen ruwa na Yauri, suna kewaya gungu. Saura hawa biyu na fenti, ga shi mai kawo mini kaya ya sake turo shuɗin da aka tsinka da kananzir.